Alat Bai Shigo Ba, Hadari Ya Haɗo

…kuma ai ya fita, Tsahara, kuɗin ya fita, ga shi nan rubuce a fuskar waya: an yi nasara. Nasarar wa? Ni dai ga ni zaune kan benci a bakin iyakar Jibiya, rabin buhun irin gero tsakanin ƙafata da ta Abbas, shi bai ce ɗauki ba, ni ban ce ba ni ba. Wayata ta ce na biya. Tasa ta yi gum.

Abbas ɗin nan dai da nake ba ki labari, mutumin Maraɗi, mai kawo gero ɗan kwana saba'in. Ya buɗe asusu a bankinmu na nan saboda ire-irenmu. Sai juya wayar yake, ya ɗaga ta sama, ya karkata ta gabas — wai rezo yake nema. Mu mu ce sabis, su su ce rezo, duk dai abin da babu ne.

Na sani, na sani. Kin ce in ƙulle kuɗina a aljihun ciki kamar yadda aka saba. Ina jin muryarki har nan: Maɗugu, wannan abar da ba ta da baki za ka ba ajiya? To amma hanyar garinmu Gangara yanzu, da 'yan fashin nan, ta mai nauyin aljihu ce? Kin sani, na sani. Tun lokacin canjin kuɗi da Mufida ta zaunar da ni ta koya mini danne-dannen nan… 'yar da na goya a kafaɗa tana ce mini Baba ba nan ba, nan… kai, na ji daɗin ranar, ban dai nuna mata ba.

Kuma fa raina fes. Wallahi fes. Inuwar bishiyar bedi ta rufe ni, na sha furar da ta fi taki yaji — kar ki ji haushi, ba ta kai taki tsami ba — manyan motoci sun jeru har inda ido ya tsaya, babura na wucewa da jarkoki, 'yan dako na ta zolayar juna da buhuna a ka. Mutum ya kai shekaruna yana da gona, da ƙafar zuwa kasuwa, da matar da za ta yi masa faɗa in ya koma. Me ya rage?

Gwiwar nan ce kawai. Tun asuba take cizo.

Ita kuwa ba ta cizo a banza. Da safe na ga tururuwa a gindin rumbu suna kwashe ƙwai, layi guda, ba mai tsayawa gaisuwa. Iska ta daina zuwa ta inda take zuwa. Amma saƙon masu hasashen yanayi, wanda ke shigo mini duk safiya, cewa ya yi ana sa ran ruwa nan da kwana biyar. Kwana biyar! To wancan baƙin da ke tasowa ta gabas, hayaƙin shara ne?

In ya sauka yau, gobe da sassafe shuka. Jigawar gonarmu kin san ta, kwana biyu take riƙe laima, na uku sai ƙura. Bara ba haka aka yi ba? Na tsaya jiran ruwa na biyu, damina ta ɗauke da wuri, geronmu ya tsaya da kawuna tsaye ba nauyi, na Ɗantala maƙwabcinmu da ya shuka irin Maraɗi har yana sunkuyo ta kan iyakar gona yana mini gwalo. Kika auna abin da muka samu, kika kife ƙwarya kika tashi. Da ma faɗa kika yi… Bana ba za a maimaita ba. Irin nan yau zai kwana Gangara. Sai dai motar su Abbas kafin la'asar za ta ƙetare, in alat bai shigo ba buhu ya koma Nijar, sai wata kasuwar, kwana bakwai cur.

Ni gaba da sungumi ina sara, ke baya da ƙwarya kina zuba iri kina takewa da diddige — shekarar farko, kin tuna? — zanenki ja, kina cewa ramukan sun yi nisa da juna, ni ina cewa ƙafarki ce gajera. Ƙasa jiƙe, tana ƙamshi. Babu wanda ya aiko mana saƙo. Babana ya shinshina iska kawai da yamma ya ce a fito da iri…

Har yanzu gum. Abbas ya kashe wayar ya kunna. Ya goga ta a riga, kamar dauɗa ce ta tare kuɗin.

Bari in gaya miki abin da na lura, tunda zaman ya ba ni lokaci. Masu hasashen nan, duk da ina musu dariya, suna da kunya. Ba su taɓa cewa za a yi ba. Ana sa ran, mai yiwuwa, akwai alamun — haka suke magana, kamar mai neman aure. In ya zo sun faɗa, in bai zo ba ba su rantse ba. Shi ya sa da na tambayi liman ko sauraronsu ya shiga duba irin na bokaye, ya ce a'a, kallon alama ne irin na tururuwa, in dai an bar wa Allah hukuncinsa. Su kuwa na banki? An yi nasara. Kai tsaye! Ba in sha Allahu, ba komai. Kuma fa sau tara cikin goma gaskiyarsu ne, kafin ka mayar da waya aljihu ɗan'uwanka ya ce ya gani. Na yarda. Sun fi masu ruwan sama cika alkawari nesa ba kusa ba. Amma ran da mai ruwa ya kuskure, ka ɗaga kai ka ga sama da idonka. Ran da na banki ya kuskure, ina za ka kalla? Kuɗin yana ina yanzu? Ba ya wajena, ba ya wajen Abbas. Yana tsaye a wata iyakar shi ma, ana duba masa takardu?

Oho dai. Dariya ma abin ya ba ni.

Hon. Direbansu ne. Hon, hon — kwastan sun sallame su ke nan. Abbas ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya dubi buhu, ya dube ni, ya dubi gabas. Shi ma ɗan manomi ne, ya ga abin da na gani. Zuciyata, kwanta. In ya ɗauka hakkinsa ne, ba zan roƙa ba, ba zan…

"Tahi da shi, Baba. Na ga saƙonka da idona, kuɗin na hanya. Allah shi sa albarka."

Hannunsa cikin nawa. Shi ke nan. Ya ruga, ya ɗafe ƙofa, mota ta ja, an ɗaga shinge, an sauke. Ga bayanta can tana ƙanƙancewa ta hanyar Maraɗi. Tsahara, akwai mutane a duniyar nan! Na rasa ma me na ce masa, ina jin amin kawai na yi ta maimaitawa.

Rabin buhu a kan cinyata. Na zura hannu ta bakin ɗinkin, ƙwayar ƙanana, sanyi, santsi. Iska ta taso, ledoji sun tashi sama, mai furar tana kife ƙorai. Ɗigo ɗaya a bayan hannuna. Na biyu. Kwana biyar, ko? Gwiwata, sannu da aiki, ke ce malama! Bari in samu mai babur kafin ya tsuge, in rufe buhun da babbar rigata, in iso ki ce ina na baro hankalina…

Waya ta yi motsi. Masu hasashe ne za su ba da haƙuri, na tabbata. Tsaya in nisanta ta da ido…

An dawo da kuɗinka.

An dawo… ina? Nan. Wajena. Ga su cif, kamar ban taɓa su ba.

To sai in sake turawa mana. Lambar asusun — shi da kansa ya karɓi wayar ya danna, idona ba ya ganin ƙananan. Saƙon farko: sunansa, lambobi huɗu na ƙarshe, sauran duk taurari. In kira shi? Da wace lamba? Shekara uku muna gaisawa a kan bencin nan, na san yana shan shayi ba siga, na san ɗiyarsa ta yi ƙyanda, ban san lambarsa ba. Ban san sunan ƙauyensu ba. Yana can yana duba waya duk ramin da mota ta faɗa, yana cewa tsohon nan ba zai yi mini haka ba.

Ba bashi ya ba ni ba, Tsahara. A kan na biya ya ba ni. Da ya san kuɗin na aljihuna, zai ce tahi da shi? Wataƙila. Ina jin zai ce. Amma bai ce ba…

Ruwa ya tsuge. Na fake a wata rumfa, ƙarar kwanonta har ba a jin magana. Ƙasa na sha, tana sha, gobe war haka ta fara bushewa, kasuwa kuma sai kwana bakwai. Kuɗi a wayata, iri a cinyata, duka biyun a hannuna, ni kaɗai.

Gobe in ɗauki sungumi? Ki biyo ni da ƙwarya? In muka take shi da diddige, Tsahara… geron wa muka shuka?