Rijiya ta Bakwai

"Ka ƙona ta, na ce!"

"Takarda ce fa, Yaya."

"Takardar uwar wa? Rijiya biyar ka soke, biyar sun ƙafe."

Bai ɗago ba. Abokansa Mai Taswira suke ce masa. Tun da ya gama sakandare ba shi da wani aiki sai wannan faffaɗan kwali da ya shimfiɗa a kan tebur. Duniya ya zana, bayan rana ta sauko ta cinye komai. Teku ya koma gishiri. Biranen ƙarfe sun nutse cikin yashi, sai kan hasumiyoyi. Mahaya ƙadangaru suna farautar inuwa. Rijiyoyi bakwai kaɗai suka rage.

Duk Asabar da yamma Dogo da Tela sukan zo. Shi yana ba da labari, su suna zama mutanen ciki, ɗan ludo mai ɗigo shida yana yanke wanda zai rayu. Doka ɗaya ce ba a ɗaga ƙafa a kanta: ba a cewa "ruwa" a teburin. "Baƙo" ake cewa. Duk ranar da bakin wani ya suɓuce, sai a soke rijiya ɗaya da jan biro.

A wurin Baba ya ɗauko dokar. Shekara arba'in Baba yana haƙar rijiya, bai taɓa kiran abin da yake nema da sunansa ba. Ya ce in ka kira shi, guduwa yake yi.

"Ka ɗauka ban gane ba?" Yayarsa ta dangwala yatsa a kan kwalin. "Wannan ta bayan makaranta ce. Wannan ta gidan mai gyaran keke. Unguwarmu ka zana, ka zuba mata yashi."

"Rijiyoyin Baba ne," ya ce. "Ba sihiri ba ne. Zurfinsu na bi. Ba kya jin yana lissafa su? Gaba tara, gaba sha ɗaya, gaba sha huɗu. Marasa zurfi su ne kan gaba wajen ƙafewa. Ko ban zana ba haka za a yi."

"Tamu fa?"

"Gaba ashirin da biyu. Ita ce ta bakwai. Da sauran ta shida tukuna."

Ta fita, ta dawo da igiyar guga, ta jefa masa a cinya. Ƙulli biyu sababbi. Na farko igiyar shanya ce ta ɗaura. Na biyu tsohon ɗankwalin mahaifiyarsu, wadda ta rasu bara.

"Sati ɗaya ke nan," ta ce. "Gobe me zan ƙara? Wuyanka?"

Ya san abin da ba ta faɗa ba. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ba ya shan komai sai na rijiyar da ya haƙa a gidansa. Sun gwada na leda. Sun gwada na maƙwabta a cikin kofinsa. Yakan riƙe a baki, ya dube su, ya tofar.

Ya naɗe kwalin, ya ajiye a kan kujerar da ke gefen gadon Baba, ya fita neman igiya. Bai samu ba.

Da ya dawo, abokan sun iso. Dogo yana ta kaɗa ɗan ludo a tafin hannu.

"Sarkin ƙishirwa! Yau wa za ka kashe?"

"Ni dai a bar mini ƙadangarena," in ji Tela. "Na fi son shi da kai."

Mai Taswira ya ɗauko kwalin, ya warware. Dariyar ta tsaya.

Rijiya ta shida tana nan lafiya. Ta bakwai an soke ta. Ba da jan biro ba. Da fensir, layi mai karkarwa, an danna har kwalin ya huje.

"Kai, ka tsallake ɗaya," in ji Dogo. "Ba haka dokar take ba."

Mai Taswira ya juya. Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. Tsohon yana kwance, idonsa a kansu, fensirin a hannun da yake motsi. Leɓensa ya bushe. Ya buɗe baki da ƙyar.

"Ruwa," ya ce.

Yaya ce ta fara zabura. Ta fizgi gugan, suka bi ta zuwa bakin rijiyar tsakar gida su uku. Ta zura. Igiyar ta bi tafinta, ƙulli na farko ya wuce, na biyu ya wuce, har bakin ɗankwalin ya rage tsakanin yatsunta biyu. Ta durƙusa, ta miƙa hannu cikin ramin har kafaɗa.

Suka kasa kunne.

"Akwai wanda ya ji gugan ya taɓa?" in ji Yaya.