Motar Sulken Kanar

Duk wanda ya taɓa zana jirgi mai saukar ungulu ya san nauyi ba ya zuwa shi kaɗai. Ka ƙara kaya, dole ka ƙara mai. Man ya ƙara nauyi, farfela ta nemi tsawo, injin ya nemi girma, shi ma ya buɗe baki yana neman mai. Haka muka yi ta zagaye a ofishinmu har kanmu ya yi furfura, kafin muka samu zanen jirgin da zai ɗauki motar sulke ya kai ta bakin iyaka bai sauka shan mai ba. In sojoji sun amince, ofis ya tsira. In sun ƙi, a rufe shi, kowa ya kama gabansa.

A aikinmu ba a taɓa ƙarfe sai an gina cikin jirgin da katako an gwada. Ranar gwajin Kanar ya zo da motar, ina ganinta na san akwai matsala. Ashe sojoji ba sa barin mota yadda masana'anta ta ƙera ta. Sun lafta mata farantan ƙarfe da walda, sun ɗora keji a kai, har da safayar taya. Mu kuwa zanen masana'anta muka auna. Tana zuwa ƙofar jirgin katakon ta tokare.

"Injiniya, ɗaga rufin kaɗan mana," in ji Kanar. "Ba katako ba ne?"

"Ranka ya daɗe, tsayin da sauƙi. Nauyin ne matsala."

Dogo, mataimakina, ya matso ya raɗa min, "Yaya, ka rufa mana asiri. Matata tsohon ciki gare ta."

Kafin in amsa har ya sace iskar tayoyin. Motar ta shige da ƙyar tana gurzar rufi, aka yi ta tafi. Kanar ya miƙo min hannu yana murmushi.

"To, zai kai ta iyaka ke nan?"

Takaici ya ishe ni. Da wannan nauyin, man zai ƙare a saman daji, da 'ya'yan mutane a ciki.

"Ba zai kai ba, ranka ya daɗe."

Kanar ya mayar da hannunsa aljihu, ya ce a fito masa da motarsa. Dogo ne ya ɗauko famfo ya durƙusa yana ba tayoyin iska, ko kallona bai yi ba.