Dabino Biyu a Bayan Masallaci

Likita ya gargaɗi Malam Sharhabil, ladanin wani masallaci a Unguwar Sarki, cewa allurar ciwon sukari da azumi ba sa haɗuwa. Ya ƙi ji. Wata azahar gumi ya keto masa, jiki na rawa, ya laɓe bayan masallaci ya jefa dabino biyu a baki. Na'ibinsa Khalid ya ɗauke shi hoto.

Kafin la'asar hoton ya zagaye unguwa, har mai nama na ce masa, "Malam, barka da shan ruwa!"

Washegari kunya ta sa ya rantse sai ya kai magariba. Bai kai ba.

Khalid ne ya sanar da jana'izar a lasifika. Ranar muryarsa har da wani zaƙi.