Tuban Zabiya Dije

Ɗahiru Mai Hoto ya sauke kwalin daga bayan babur, ya shiga gidan Dije da ke Kalgo da sallama, zuciyarsa na tafasa. Tun daga Gwandu yake shirya maganar da zai yaɓa mata, amma da ya gan ta zaune a tabarma da carbi, ga murhu a gefe, sai maganar duk ta gudu.

Shekara talatin da biyu yana bin zabiyar nan da kyamara. Duk bikin da ta yi waƙa, daga Diggi har Malisa, yana gaba-gaba, har matarsa ta daina tambayar inda za shi. Jiya kuma sai ga saƙo: ta tuba, ta samu kujerar Makka, ya kawo hotunanta kaf a ƙone su. Fina-finan kyamara da ake wanke hotunan daga cikinsu tuni gara ta cinye, abin da ke kwalin nan shi ke nan.

"Yaya Dije, aikin rayuwata na fa," in ji shi.

"Zamna, Ɗahiru. Miƙo su ɗai-ɗai."

Ta ɗora tabarau, ta karɓi na farko. Ita ce cikin leshi shuɗi, ta dafa ƙugu. Ta daɗe tana kallo.

"Kai! Ashe na yi kyau. Wanga a bar wa jikoki."

Na biyu ma jikoki. Na uku ta ce zanen na marigayiya innarta ne, ƙona shi rashin kunya ne. Haka aka yi ta yi har la'asar, garwashi ya mutu aka sake hurawa, tulin jikoki na ta hawa, wuta ba ta ga ko takarda ba. Ɗahiru ya fara murmushi a ɓoye. Irin wannan tuba, ai ko shi zai iya.

Can ƙasan kwali ya ɗauko wanda ya ciro daga bangon shagonsa da safe. A wani biki a Ceberu ya ɗauke shi ba ta sani ba: ido a rufe, baki a wangame, jijiyar wuya ta miƙe, ɗankwali ya zame, matan da ke bayanta sun dafe ƙirji. Bai taɓa ɗaukar kamarsa ba, kuma ya san ba zai ƙara ba.

Dije ta ajiye carbin. Ta kalli hoton, leɓenta na motsi kaɗan-kaɗan, kamar mai neman baitin da ya ɓace mata.

"Sa shi wuta."

"Haba Yaya! Ɗari huɗu kin yafe, sai wanga guda? Mi ya yi miki?"

"Waɗancan duk tsayawa niy yi kad ɗauka. Nan ɗai ni ka waƙa." Ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi. "Daga waƙa nit tuba, Ɗahiru, ba daga kwalliya ba."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ba a taɓa yabon aikinsa haka ba. Ya miƙa mata hoton, ta maida hannuwanta baya.

"Ni ban iyawa," ta ce. "Kai kad ɗauka."

Ya durƙusa gaban murhun, ya hura garwashin da bakinsa.