Raket Ba Ƙwallo

Taisiya Kolchanova, wadda muke kira Taya, ta dawo garinmu Izhevsk na ƙasar Rasha a farkon sanyi, da tabon tiyata a kafaɗar dama. Ta taɓa shiga sahun arba'in na farko a jerin gwanayen tanis mata na duniya. Yanzu in ta cilla ƙwallo sama za ta buɗe wasa, sai hannun ya noƙe kafin raket, wato abin buga tanis, ya same shi, ƙwallon ya faɗa raga. Likitoci sun ce kafaɗar ta warke. Masu horarwa a Sifen sun ɗauke ta bidiyo ta gaba da ta baya, ba su gyara komai ba. Wadda ba ta iya bugun farawa, wasanta ya ƙare, ita ma ta san haka.

Ta nufi zauren motsa jiki na tsohuwar makarantarta, mai daɓen katako, inda Zinaida Arkadyevna take koyar da yara har yau. Wannan matar ce ta fara damƙa mata raket. Taya ta bar ta tana budurwa, ta tafi Sifen ko sallama babu. Wannan rashin kunya ne, ba ni da wani sunan da zan kira shi.

Daga bakin ƙofa Taya ta miƙa hannu.

"Ba a gaisawa a kan dokin ƙofa," in ji Zinaida. "Ko wannan ma sun cire miki a can? Shigo, ki canza takalmi, kada ki jiƙa mini katako."

Ta sa ta buga sau biyu, ta ce ya isa.

"Kafaɗarki lafiya lau. Hannunki ne yake tsoron ƙwallo. To, za mu ɗauke ƙwallon. Shiga layi."

A wajen Zinaida sabon ɗalibi ba ya taɓa ƙwallo. Yara sukan jeru, kowa da raket, suna kaɗa iska a hankali, bugu ɗaya tun daga ƙafa har yatsu, ana maimaitawa har jiki ya haddace. Iyaye marasa haƙuri sukan kwashe 'ya'yansu, kuma su ke da asara.

"Zinaida Arkadyevna, da waɗannan? Ni fa na yi wasa a Paris."

"Na gani a talabijin. Tun a lokacin gwiwar hannunki take faɗuwa. Ba ƙwallo sai na ce. Ranar da kika taɓa shi a bayan idona, kada ki dawo."

Taya ta shiga layi, kan yaran bai wuce ƙugunta ba. Kakannin da ke zaune a benci rungume da rigunan sanyin jikoki suka samu abin hira.

"Lyusya, dubi wannan doguwar," in ji kaka Nyura. "Aji ɗaya take ta maimaitawa?"

"Yi shiru, 'yar Kolchanov ce, ta talabijin."

"Ta talabijin take kashe sauro da raket? Wa ya gaya mata akwai sauro a watan Disamba?"

Taya tana ji, kunnuwanta suka yi ja, amma ba ta fita daga layi ba. Haka ta yi ta zuwa kullum, ta kakkaɓe dusar ƙanƙara, ta canza takalmi, ta kaɗa iska.

A tsakiyar sanyi manajanta Gleb ya iso daga Mosko, da siririn takalmin da ba na garinmu ba. Ya samo mata gayyata zuwa wata babbar gasa a ƙasar Larabawa, ba sai ta bi ta wasan share fage ba.

"Tayechka, irin wannan ba a yi wa mutum sau biyu. An fara manta sunanki. Yaushe rabonki da ƙwallo?"

"Tun Nuwamba."

"Tun Nuwamba! Zinaida Arkadyevna, ranki ya daɗe, wannan zamanin ya wuce."

"Tambaye ta," in ji Zinaida, tana zuba shayi daga fulas. "Ƙafafun nata ne. Ta san hanyar filin jirgi, ta taɓa bi."

Taya ta daɗe tana kallon raket ɗinta. Ta san in ta ƙi, wataƙila ba za a sake kiranta ba. Ta kuma san in ta je, hannun zai noƙe a gaban jama'a.

"Gleb, ka yi musu godiya, ba zan je ba. Ka ci pelmeni, ƙullin fulawa da nama mai zafi, kafin ka koma, ga leɓenka ya yi shuɗi."

Ya tafi yana ƙunƙuni. Mutane irinsa suna son a girbi abu tun bai nuna ba, kuma su ne suka fi yawa a harkar.

A watan Maris, ana cikin kaɗa iska kamar kullum, Zinaida ta zo wucewa ta bayan layi. Kwatsam sai ta cilla ƙwallo sama daidai kan Taya. Hannun ya riga ya tashi, ba lokacin tunani. Raket ya same shi a can ƙololuwa, ƙwallon ya tsallake raga, ya daki katako cikin layi, ya bugi bango da ƙarar da ta sa kaka Nyura ta saki rigar jikarta.

Taya ta dafa kafaɗarta, ba ciwo.

"Ƙafar hagu ta motsa," in ji Zinaida. "Ɗauko kwandon ƙwallaye, ki sake."

A watan Afrilu Taya ta shiga wata ƙaramar gasa a Kazan, 'yan kallo ba su cika benci biyu ba. Da ta ci ƙuri'ar fara wasa, alƙalin wasa ya tambaye ta ko za ta fara bugu ko za ta karɓa.

"Ni zan fara," in ji ta.