Ranar da Jumare Ya Kewaya

Wani dare cikin kaka na ji ƙara daga bangon da ya raba ɗakina da gidan Jumare. Kamar ana jan tunkiya a kan matakala tana turjewa, a tsaya, a sake ja. Na manna kunnena da bango ina sauraro har barci ya sace ni a zaune.

Jumare abokina ne, Bazazzagi, tsohon direban babbar mota. Ya daɗe yana ratsa Sahara daga Kano zuwa Agadas har Tamanrasset, kafin 'yarsa Zinatu ta ɗauko shi ta kawo Small Heath, wata unguwa a Birmingham ta Ingila. Da aiki ya mai da ita Manchester, ya ce shi ba inda za shi, ga masallaci ga mahauci a bakin layi. Ni kuma, Bakano, ina gidan ɗana, bango ɗaya da shi.

Da safe na shiga. Jarkoki ne cike da ruwa jere a kan matakala. Tukwane, robobin madara, har kwanon wanka, duk an cika.

Na ce, "Bawana, gobara kake jira?"

"Daga nan babu rijiya sai an fita kwazazzabo," in ji shi, ko kallona bai yi ba.

Can sai ya dubi jarkokin, ya dubi hannuwansa, ya zauna a kan matakala.

"Ashafa, ka rufa mini asiri. In Zinatu ta ji, kwashe ni za ta yi. Can saman bene suke, daga taga sai tsuntsaye. Nan nake so in mutu."

A shekarar ne matar da ƙaramar hukuma ke turowa ta duba shi da safe ta daina zuwa, aka kuma rufe zauren da muke shan shayi mu tsofaffi. Saura ni. Na ce masa ba mai ji daga bakina, muka zubar da ruwan tare.

Ba a jima ba Zinatu ta zo ɗaukar mu zuwa wani suna a Manchester. Babbar hanya ta cunkushe, sai ta bi ta cikin duwatsu. Itatuwa sun yi ja kamar an tsoma su a lalle, ganye na bin gilashin mota. Titi ya yi ta ƙanƙancewa har ya shige tsakanin bangayen dutse biyu, masu tsawon da sai ka kwantar da kai za ka ga ƙarshensu.

Raina ya yi fari. Na sha jin labarin kwazazzaban Azbin a bakin Jumare, inda ya ce akwai zanen raƙumin dawa a jikin dutse, ba a san wanda ya zana ba. Ban taɓa zuwa ba. Na taɓo shi na ce, "To ga naku nan an kawo mana Ingila." Sama yake kallo.

La'asar ba ta jira a wannan lokaci, sai Zinatu ta sami gefe ta tsaya. Jumare ya ciro buta daga bayan mota.

"Bari in kewaya."

Ya bi wata 'yar hanya ya sha kwanar dutse. Zinatu ta juya baya tana shimfiɗa darduma. Ni kuwa idona ya faɗa kan wani dutse a gefen titi, da bawon katantanwa a cikinsa, ya zama dutse shi ma. A nan, inda ba teku ba tafki! Na durƙusa ina ƙwaƙule shi da makulli, ina tunanin ko ruwan Annabi Nuhu ne ya baro shi.

Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Da na ɗago, Zinatu ta idar da salla tana tsaye, tana kallon ko'ina ban da wajen da ubanta ya bi. Dattijo ya kewaya, wa zai bi shi? Ko tambaya ba a yi. Ta yi gyaran murya, ta gyara mayafi, ta duba waya. Yayyafi ya fara.

Daga ƙarshe ta ce, "Kawu, anya ba ka..." Ta kasa ƙarasawa.

Sai a lokacin jarkokin suka faɗo mini a rai.

Na sha kwanar. Ga buta a ajiye, cike, ba a taɓa ta ba. Babu Jumare. Na kira, dutse ya maido mini da muryata. Zinatu ta iso da gudu tana ɗaga waya sama.

"Ba network! Baba! Baba!"

"Ku hau!"

Daga sama muryar ta zo. Jumare na tsaye a kan wani ɗan tudu a jikin bangon, faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, babbar rigarsa na kaɗawa. Yadda ya kai can da gwiwoyinsa, Allah kaɗai ya sani. A ƙarƙashinsa tsakuwa ce zalla da jiƙaƙƙen ganye.

"Ku bar ƙasan kwari! Ruwa ya sauka a dutse, yanzu zai taho da itatuwa! Ku hau!"

"Baba, ni ce Zinatu. Don Allah kar ka motsa, please, kar ka motsa!"

"Hajiya, ki yi abin da direba ya ce."

Ta toshe baki da mayafi. Shi kuma ya juya yana laluben inda zai sa ƙafa ya ƙara sama. Takalminsa ya zame, tsakuwa ta gangaro har gabanmu, ya kama wata ciyawa da hannu ɗaya.

Na fara hawa da rarrafe. Yatsuna sun mutu da sanyi. Da na kai inda ba zan iya wucewa ba, na tsaya ina haki. In na ce masa Ingila muke, ba zai ji ba. Sai na buɗe murya irin ta 'yan goron kasuwar Kurmi ta Kano.

"Direba! Haka ake yi? Ka tsira da ranka ka bar mini goro a ƙasan kwari? Amanar ke nan?"

Ya tsaya cak. Ya leƙo.

"Wane ne wannan?"

"Mai kaya! Ga mota can a bakin ruwa, ba kowa a ciki."

"Kai, Bakano! Ana ta rai kana ta goro."

"Rai naka ne, goro nawa ne. Sauko ka janye ta."

Ruwa na zuba daga gemunsa. Na ga yana auna hanya da ido. Sannan ya zauna, ya fara zamowa a kan mazaunansa, yana zagina da Kanawa gaba ɗaya. Da ya iso kusa na damƙi wuyan rigarsa, muka gangaro tare, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wani wuri muka zame mu biyu, gwiwata ta daki dutse, ban sake shi ba.

A bakin mota ya miƙa wa Zinatu hannu ta ba shi makulli. Ta dube ni. Na ce, "Direba, ka jiƙe. Shiga baya ka huta, a ja a hankali." Ya shiga. Kafin mu fita daga duwatsun ya yi barci, kansa a kafaɗata.

Zinatu ta yi ta tuƙi har muka hau babbar hanya. Sannan ta dube ni ta madubi.

"Kawu, ka san yadda za ka yi masa magana. Tun yaushe yake haka?"

Na gaya mata komai. Na ce alkawari ya sa na ɓoye mata.

"Da ya faɗo fa, Kawu? Da ya faɗo a gabana?"

Bayan suna, ni kaɗai aka sa a jirgin ƙasa zuwa Birmingham.

Ran Lahadi ta zo kwasar kayansa. Ta gaishe ni a taƙaice, na kama mata jakar riguna zuwa mota. Muna cikin haka Celestina, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ta tsallako titi da kwanon gwate a naɗe cikin tawul, yadda ta saba kawo wa Jumare bayan ta taso daga coci. Ta dubi jakar, ta dubi sandarsa da ke hannun Zinatu, ta dube ni.

"A'a, har da sanda? To yaushe Baba zai dawo?"