Ƙarfen da Ya Ƙi Karyewa

A shekarun da kayan mota suka yi tsada har direbobi suka koma bin maƙera, Nagoggo yana da rumfarsa a bakin hanyar da ta fita daga Gwandu zuwa Kambaza. Rumfar kara ce, da uwar maƙera, da zuga-zugin da yake zuga wa kansa, don babu mai taya shi. Matarsa Dije ta shekara huɗu da rasuwa. Ɗansa tilo, Isa, ya ce hayaƙin gawayi na sa shi tari, ya tafi Kaduna yana sayar da kayan mota na cikin kwali. Manoma kuwa sai damina ta matso suke tuna cewa yana raye.

Mutum ɗaya ne ke zama a rumfar nan, shi ne Jibrin direba, mutumin Kalgo, mai wata akori-kura da ta ga duniya. Duk Laraba yakan zo ɗaukar albasa, ya ɗora Fulani mata masu tallar nono a kan buhuna. Hanya duk ramu, lodi ya wuce ƙa'ida, saboda haka babban fallen sifirin, ƙarfen nan da ke ɗauke da bayan mota, ba ya mako biyu bai tsage ba. Jibrin sai ya sayo sabo a kanti, baƙi wuluk yana sheƙi, da rubutun ƙasar waje a jikinsa, ya kawo wa Nagoggo ya lanƙwasa masa ya ɗaura.

"Baba, ya koma karyewa," in ji Jibrin, yana jefar da guntayen a ƙasa.

Nagoggo ya ɗaga guntu ɗaya, ya ƙwanƙwasa da masaba, ya kasa kunne. "Wanga ba ƙarhe ba na. Gwangwani na aka shahwa ma fenti."

"Na waje na hwa, Baba. Jirgin ruwa yak kawo shi."

"To shi koma cikin jirgin."

Haka suke kowane mako. Aikin awa ɗaya ne, amma Nagoggo ya iya jan sa har azahar, kuma ba ya jin kunyar hakan. Jibrin zai zauna a kan kututture, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi, ya kwance labari: wanda ya yi aure a Kalgo, wanda kura ta cinye wa jaki, yadda sabuwar jiha ta sa kowa ya zama ɗan kwangila. Su sha fura a ƙwarya ɗaya. Gaskiyar magana, daga Laraba zuwa Laraba Nagoggo ba ya furta abin da ya wuce sallama da addu'ar bayan salla. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, kuma ya san da haka.

Wata Laraba Jibrin ya zo ba dariya. Sifirin ya ɓalle masa a gangara, mota ta karkace, wata tsohuwa ta faɗo daga kan buhuna ta goce a kafaɗa.

"Baba, na gaji. Ka ƙera min naka. Ko mutane sun yi dariya su ce na sa ƙirar gida ga mota, su yi."

Nagoggo ya daɗe da sanin zai iya. A bayan gari akwai gawar wata gingimari tun zamanin gyaɗa, kuma ya taɓa ƙwanƙwasa sifirinta ya ji amon da ba ya ƙarya. Ya san kuma abin da ya hana shi faɗa duk watannin nan. Ya ce wa Jibrin ya dawo bayan kwana uku.

Kwana biyu yana dukan ƙarfen nan, ya rage masa kauri, ya naɗe masa kunnuwa biyu inda kusa za ta shiga, ya gwada lanƙwasarsa da tsohon. Sai aka zo wurin da maƙeri ke bambanta da maƙeri, wato tsomawa. Ƙarfen sifirin idan ya yi ja aka tsoma shi a ruwa, zai fito da kyau, ya yi tauri, babu idon da zai ga aibinsa, amma cikinsa ya bushe, wata ɗaya ko biyu zai karye. Idan kuwa aka tsoma shi a baƙin mai, aka sake gasa shi a hankali har ya yi shuɗi kamar wuyan tantabara, to sai dai mota ta mutu ta bar shi.

Kwatarniyar ruwa tana damansa, rabin duro na baƙin mai yana hagunsa. Ya fito da ƙarfen daga wuta da awartaki, ya tsaya. Ba zan ɓoye muku ba, hannunsa dama ya fara nufa. Wa zai sani? Jibrin zai ce hanya ce, ya dawo ya zauna a kan kututture. Har tururi ya fara tashi inda bakin awartakin ya taɓa ruwa. Sai ya tuna cewa a kan wannan ƙarfe matan mutane za su zauna da ƙorensu. Ya tsine wa shaiɗan a fili, shi kaɗai a rumfa, ya juya ya cusa shi cikin mai. Hayaƙi ya turnuƙe har ya sa shi hawaye.

Laraba ta farko Jibrin ya tsaya, ya yi tsalle a bayan mota don ya nuna masa, ya wuce. Ta biyu ya danna oda ya ɗaga hannu. Daga nan sai oda kawai, wani lokaci ma ba ya ji saboda masaba. Ba wulaƙanci ba ne, mutum ne da motarsa ta daina ɓata masa lokaci, har ya ƙara sawu ɗaya a rana.

Bayan wata biyar Nagoggo ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau mota zuwa Kalgo, ya ce wa kansa gawayi zai duba. A tasha ya iske akori-kurar ana mata lodi. Bai nemi kowa ba, ya tattare riga ya shiga ƙarƙashinta, ya share ƙasar da ke jikin fallen da yatsa, ya bi shi daga kunne zuwa kunne. Yana neman tsaga, ko da siririya ce, kuma ya ji kunyar kansa da yake nemanta. Babu ko alama.

"Baba Nagoggo!" Jibrin ne ya leƙo, ya jawo shi waje, ya kira direbobi. "Ku zo ku ga mai shi. Ku da kuka ce sai na waje, ku duba ƙirar Gwandu."

Suka duba, suka jinjina kai, kowa ya koma harkarsa. Fasinja na ta kira. Jibrin ya shiga mota ya tayar, ya leƙo ta taga fuskarsa cike da murna.

"Allah shi biya ka, Baba. Ka hutasshe ni. In sha Allahu ko shekara goma ba ka koma ganina maƙera."

"Allah shi sa," in ji Nagoggo.

Ya tsaya har motar ta fita daga tasha, bayanta a miƙe duk da lodin. Sannan ya kakkaɓe rigarsa, ya tambayi wani inda ake shiga motar Gwandu.